Gani Ya Kori Ji: Su Wane Ne Mutanen Allah?

A Bromakote aka haife ni, cikin Ajame ta birnin Abijan. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina daga ƙasar Madawa tun zamanin Houphouët-Boigny, ya zauna, ya yi aure, a nan kuma aka binne shi. Ni ɗinki nake yi. Musulmi ne ni, ɗan Musulmi, don haka mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa tela da littafin ƙarshe na Baibul, wanda Hausawa Kiristoci ke kira Wahayin Yahaya, wasu kuma Ru'ya ta Yohanna. Tambaya ɗaya ce ta haɗa mu, tambayar da ta kusa cin ran ɗana a shekarar 2011: su wane ne mutanen Allah, kuma wa aka ba ikon ƙirga su?

Wanda bai zauna Kodebuwa ba da wuya ya san nauyin kalmar "namu" a ƙasar nan. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne, mu ma a cikinsu aka lissafa mu ko da yake nan aka yanke cibiyarmu. Abincin da talakan Abijan ya fi dogara da shi, aceke da soyayyen kifi, garba ake kiransa, sunan Bahaushe, saboda 'yan uwanmu ne suka yi fice wajen sayar da shi. Duk da haka tun farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama. Bayan rasuwar Houphouët a Disamba 1993, zamanin Henri Konan Bédié, sai zancen "ivoirité" ya kunno kai, wato tantance wane ne ɗan ƙasa na asali. Tsarin mulkin 2000 ya ce mai neman shugabanci sai uwarsa da ubansa duka 'yan asalin ƙasa ne. Ranar 19 ga Satumba 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Nuwamba 2010 tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara ya lashe rayuka kimanin 3,000.

A cikin watannin nan ne na fara jin adadin 144,000. Wani mai wa'azi ne da lasifika kusa da tashar motocin Ajame, yana magana da Faransanci. Ya ce Allah Ya zaɓi ƙasar nan, Ya buga wa bayinsa hatimi a goshi, sauran kuwa rundunar dabbar ƙarshen zamani ce. Bai ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ke tsaye a wurin ya san inda maganar ta nufa. Na sunkuyar da kaina na wuce.

Cikin watan Maris na 2011 harbe-harbe suka yi yawa a unguwarmu, na yanke shawarar tura ɗana mai shekara 17 wurin ƙanena a Treichville. Matsalar ita ce hanya. Samari sun kafa shingaye suna duba takardu, kuma suna irin namu a jikin kati ya isa ya jawo wa mutum abin da ba a fata. Sai maƙwabciyarmu ta shigo, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Eburiye mai sayar da aceke, wadda muke kira Mama. Ta ce da ni, "Ɗana, ba ni yaron." Ta saka fararen tufafinta na zuwa coci, ta ɗora masa kwanon aceke a ka, suka kama hanya. A shinge aka nemi katinsa. Ta ce, "Ɗana ne, ni na goya shi." Ba ta yi ƙarya ba, don kuwa ta goya shi yana jariri lokacin da uwarsa ke jinya. Suka dube ta, suka dubi farin zanenta, suka ce su wuce.

Mama 'yar cocin Harris ce. Wanda aka san cocin da sunansa, William Wadé Harris, mutumin Laberiya ne da ya taka gaɓar tekun ƙasar nan da ƙafa daga 1913, sanye da farar riga, ya yi wa mutane fiye da 100,000 baftisma, a ƙarshe Faransawa suka kore shi daga ƙasar. Ke nan shi ma baƙo ne aka kora. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, littafi ɗaya mai lasifikar nan da Mama ke riƙe da shi. Ɗaya ya karanta ya ga ni abokin gaba ne, ɗaya ta karanta ta ga ɗana ɗanta ne. Wane ne a cikinsu ya karanta daidai?

Da ƙura ta lafa na kai tambayar wurin wani dattijo abokin mahaifina, Bahaushe Kirista mutumin Tsibiri ta Maradi, mai gyaran agogo a Treichville. Na ce, "Baba, gaya mini gaskiya, su wane ne dubu ɗari da arba'in da huɗun nan?" Ya yi dariya, ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha jiki. Ya ce, "Ɗana, je ka karanta sura ta 7 a hankali. Ka lura da abin da mutumin ya ji da kunnensa, da abin da ya gani da idonsa."

Ga abin da na tarar. Yawancin masana sun ce an rubuta littafin wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin sarkin Rum Domitiyan. Marubucin yana tsibirin Batmusa, yana aika saƙo ga jama'o'i bakwai da ke yankin da a yau yake yammacin Turkiyya, ƙananan taruka na mutanen da ba su da sarauta, ba su da soja. A sura ta 7 ya ji an faɗi adadin waɗanda aka buga wa hatimi: 12,000 daga kowace ɗaya cikin ƙabilu 12 na Bani Isra'ila, jimilla 144,000. Da ya ɗaga ido kuma, sai ya ga taron da ya fi ƙarfin ƙidaya, mutane daga dukan al'ummai da harsuna, cikin fararen riguna.

Jerin ƙabilun ma akwai abin lura a cikinsa. Da Yahuza aka fara, alhali Ra'ubainu ne ɗan fari. Sunan Dan ba ya ciki, na Ifraimu ma haka, an kuwa ambaci Yusufu tare da ɗansa Manassa. Goma daga cikin ƙabilun nan Assuriyawa sun ci ƙasarsu tun wajen shekara 722 kafin haihuwar Annabi Isa. Ni da nake sana'ar awo, na san in aka ba ka ma'auni goma sha biyu kuma kowanne ya fito daidai wa daida, to ba jikin mutum aka auna ba, tsari aka zana.

Baba ya bayyana mini cewa Kiristoci sun kasu a kan fassarar. Wasu sun ce Yahudawa ne na jini waɗanda za su ba da gaskiya a ƙarshen zamani, ra'ayin da John Nelson Darby ya yaɗa a ƙarni na 19, Baibul mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 kuma ya bazu da shi a Amurka. Shaidun Jehobah sun ce adadin haka yake ba daɗi ba ragi, su ne za su je sama, tun 1935 kuma suke koyar da cewa babban taron a duniya zai zauna. Wasu da yawa kuma sun ce jama'a ɗaya ce aka nuna ta fuska biyu: 12 sau 12 sau 1,000 alama ce ta cika, ma'ana babu ko ɗaya da ya ɓace wa Allah a lissafi. Hujjarsu ita ce marubucin ya taɓa yin irin haka a sura ta 5, inda aka ce masa ga zaki, da ya duba sai ya ga ɗan rago da aka yanka.

Ba hurumina ba ne in raba gardama tsakanin malaman addinin da ba nawa ba. Amma akwai abin da fassarorin uku duka ba su musa ba, shi ne kuma ya ishe ni. A littafin, mala'iku ne ke buga hatimin, ba mutum ba. Ba a ba kowa jerin sunaye ya tsaya da shi a bakin hanya ba. Mai gani ɗin kansa, da wani dattijo cikin wahayin ya tambaye shi ko su wane ne masu fararen rigunan, mayar masa da tambayar ya yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kunne ya ji adadi, ido ya ga taron da ba ya ƙirguwa, mu kuwa muka riƙe adadin muka manta da taron.

Akwai wuri ɗaya da na ga ana duba alama a jikin mutum kafin a bar shi ya yi harkarsa. A sura ta 13 ne, inda dabbar nan ta hana kowa saye da sayarwa sai mai ɗauke da lambarta a hannu ko a goshi. Da na kai nan sai na ajiye littafin na yi shiru. Ba ina cewa katin shaida alamar dabba ba ne, kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin mazaunanta. Abin da na gane shi ne, a cikin littafin da mai lasifikar nan ya kafa hujja da shi, aikin tare hanya da tantance wanda zai rayu aikin abokin gaba ne. Tarihi ma ya nuna ƙarshen masu ɗaukar wannan aiki da sunan Allah. A 1534 wasu suka ƙwace birnin Munster na ƙasar Jamus, suka ce shi ne sabuwar Urushalima, suka kori duk wanda ya ƙi bin su. Shekara ɗaya da 'yan watanni abin ya ƙare cikin yunwa da jini.

Wani zai ce, to, ashe littafin bai kafa iyaka ba ke nan? Ya kafa. Ba zan yaudari kaina ba: babban taron nan, a fahimtar Kirista, mabiya Almasihu ne yadda su suka yarda da shi, kuma Baba bai ɓoye mini haka ba, ni ma ban ɓoye masa abin da na yi imani da shi ba. Kowane addini yana da iyakarsa, wanda ya ce duk ɗaya ne bai girmama ko ɗaya ba. Sai dai iyakar da ke littafin ba ta bin ƙabila, ba ta bin harshe, ba ta bin wurin haihuwa. Waɗanda aka ce za su tsaya a wajen birnin an bayyana su da ayyukansu, cikinsu har da masu kisan kai da maƙaryata. Hukuncin kuma an jinkirta shi zuwa ranar da za a buɗe littattafai, Mai buɗewar kuwa ba ɗan'adam ba ne. Mutum na iya gaskata cewa hanyarsa ce gaskiya, ya kuma san ba shi ne mai tsaron ƙofa ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da wannan ciwo. Wa bai taɓa jin an ɗauko hadisin ƙungiyoyi 73 ba, kowane ɓangare na rantsuwa shi ne mai tsira? Na ga 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina bin juna salla a kan Izala da ɗarika. Kuma bayan kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011, a bakin mutanenmu na ji ana cewa Allah Ya ba mutanensa nasara, alhali an san abin da ya faru a Duékoué a ƙarshen Maris, inda aka kashe ɗaruruwan mutane na ɗaya ɓangaren.

A makon ne Mama ta ƙwanƙwasa ƙofata da dare. Tare da ita akwai ɗan ƙanwarta, saurayi da ya gudo daga Yopougon, inda yanzu irin sunansa ne ya zama abin tsoro. Ta ce, "Ɗana, ka ajiye mini shi." Ina jin kunyar faɗin wannan, amma na yi jim. Zuciyata ta ce, wa ya san ko yana cikin masu tsaron shinge? Wa ya san abin da mutanenmu za su ce in sun ji? Matar nan ba ta yi jim ba ranar da ta ɗora wa ɗana kwano a ka. Uwargidana ce ta tsallake ni ta buɗe ƙofar shago, ta shimfiɗa masa tabarma a bayan keken ɗinki. Kwana tara ya yi. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ni kuwa a daren nan na san kaina, ban kuma ji daɗin abin da na gani ba.

Tun daga lokacin na sauya wa tambayar fuska. Na daina tambayar su wane ne mutanen Allah a cikin jama'ar da ke wucewa ta gaban shagona, don amsar ba ta hannuna, kuma duk sanda na yi ƙoƙarin ba da ita sai in tarar na fara da kaina da dangina. Tambayar da aka ba ni ikon amsawa ita ce, in an ƙwanƙwasa ƙofata gobe, jim nawa zan yi?

Mama ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Ni na ɗinka fararen tufafin da jikokinta suka saka wurin jana'izarta, ban karɓi ko dala ba. Ɗana ya tsaya a layin 'ya'yanta ana yi masa gaisuwa, babu kuma wanda ya nemi ganin katinsa. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma raba mu da ɗaukar aikin da ba namu ba.