Bayan "Ki Yi Haƙuri", Sai Kuma Me?

Ranar da ƙanwata ta dawo daga asibiti da sakamakon binciken ɗanta, ɗakinta ya cika da mata kafin la'asar. Yaron shekararsa huɗu, har yanzu bai haɗa kalma biyu ba. In an tada janareto sai ya toshe kunnuwa ya fasa ihu. Yakan wuni yana jera murafen kwalba, wanda ya taɓa masa ɗaya kuwa ya tsokano rigima. Likita ya ce yana da lalurar otizim, wadda wasu gidajen rediyo ke kira galahanga, haɗe da lalurar rashin natsuwa, wato ƙiriniyar da ta wuce ta sauran yara.

Kowa ya shigo da abin da zai ce. Goggo ta ce sammu ne. Wata ta ce kambun baka. Wata ta ce allurar rigakafi ce. Wata ta san wani malami a ƙetaren gada. Dukkansu sun rufe da kalma ɗaya: ki yi haƙuri. Da dare na leƙa, na iske ta zaune ita kaɗai, ba ta ci komai ba. Ta ce mini, "Yaya, kowa ya ba ni haƙuri, amma ba wanda ya ce in kawo shi ya riƙe mini in yi barcin awa ɗaya."

Tun ranar nake juya maganar. Me ke kan ɗan uwa da maƙwabci idan irin wannan ta sami gida? Ba da haƙuri ya wadatar?

Ba na raina haƙuri. Mu Hausawa muna cewa shi ne maganin zaman duniya, maƙwabtanmu Fulani kuma sun sa munyal cikin ginshiƙan pulaaku. Amma haƙuri nauyi ne da mai shi ke ɗauka. Idan na ce wa mutum ya yi haƙuri na kama gabana, na bar masa kayansa a ka, na kuma ɗora masa sharaɗin kada ya yi kuka. Ku tuna matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah (SAW), kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas. An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna. Ita ta zaɓi haƙurin da kanta, sannan ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya tashi, aka yi mata. Ba a sallame ta da kalma kawai ba, an saurari buƙatarta, an kare mutuncinta.

To, haƙƙi na farko shi ne mu daina neman mai laifi. Wannan kuskuren ba mu kaɗai muka taɓa yinsa ba. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943 a Amurka, daga nazarin yara 11, an ɗauki shekaru ana zargin iyaye mata da rashin nuna ƙauna, kafin bincike ya rushe zargin. Maganar rigakafi ma daga wani rahoto ne na 1998 a Ingila, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma gado na da babban kaso a ciki. Ba tarbiyya ba ce ta gaza. A nan bakin Binuwai kuwa mun san tsohon zancen "ɗan ruwa", da abin da ya jawo wa yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda ya furta wannan kalma a gaban uwa, ya sani wuƙa ya caka mata.

Wani zai ce, ai masu shawara da kyakkyawar niyya suke zuwa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya hana addu'a. Sai dai niyya ba ta biyan kuɗin Keke Napep daga Jambutu zuwa Yola, ba ta dawo da abin da aka kashe wurin masu alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai. Otizim ba shi da maganin sha da ke kawar da shi. Abin da ke taimakawa shi ne gwajin ji, koyar da magana, horo a hankali kan cin abinci da sa tufafi da zama da mutane, kuma gara a fara da wuri. Rashin natsuwa kam akwai magungunansa, amma likita ne ke rubutawa. Saboda haka shawara mafi amfani ita ce, "Tashi in raka ki," ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, duk inda aka ba ta ranar komawa.

Sai maganar kunya. Wasu na kulle irin waɗannan yara a ɗaki da sunan rufin asiri. Ina ganin mun juya ma'anar. Rufin asiri shi ne kada ka yi yawo da labarin gidan wani a majalisa ko wurin biki. Ɓoye yaro kuwa hana shi haƙƙinsa ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kamar kowa. Amma doka ba ta shiga islamiyyar unguwa ta ce wa malam ya ajiye bulala. Mu ne za mu faɗa masa.

Kada kuma a manta da uban. Shi ba ya kuka a gaban mutane, sai ya riƙa daɗewa a kasuwa. Wani ma sai ya ɗora wa matar laifi, aure ya fara rawa. Abokansa su zaunar da shi, su tambaye shi, su tuna masa yaron nan nasa ne.

Kakanninmu da suka zo Jimeta fatauci ba su da dangi a nan, maƙwabci ne dangi. Da haka unguwa ta kafu. Mu a gidanmu mun raba kwanaki: Talata da Asabar yaron na wurin matata daga azahar zuwa magariba. Mun koyi rage ƙarar rediyo, mun tara masa murafen kwalba a gwangwani. Har yanzu bai kira ni Kawu ba, amma ran nan ya kama hannuna ya kai ni bakin randa, na gane ruwa yake so. Uwarsa kuma ta samu barci.

Idan akwai irin wannan gida a layinku, ku ba da haƙuri, sannan ku tambaya wace rana za ku zo ku karɓi yaron. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, amin.