Ma'aunin Ciwon Baya

Garwa gari ne na awo. A nan hedikwatar kamfanin SODECOTON take tun kafa shi a 1974, kuma manomin auduga a arewacin Kamaru ya saba da a ɗora guminsa bisa sikeli a faɗa masa nauyinsa. Amma bayan da ya sunkuya ya tsince audugar, ba shi da sikeli. In ciwon baya ya wuce wata 3, likitoci kan kira shi mai daɗewa, kuma a yawancin masu shi ba a gane takamaiman abin da ya jawo shi. Ba ƙari, ba jini. Sai maganar mai ciwon kaɗai.

A 1993 wani likitan ƙashi a Gilasgo, Gordon Waddell, da abokan aikinsa suka fito da takarda mai jimla 16, mara lafiya yana ba kowace maki daga 0 zuwa 6. Abin da take aunawa shi ne yadda mutum ya gaskata cewa motsi da aiki za su ƙara masa lahani. Suka ga wannan tsoro yana da hannu ƙwarai cikin yawan kwanakin da mutum ya rasa a wurin aiki, ko da an ware lissafin zafin ciwon. A 1995 bincike a Finlan ya nuna waɗanda sabon ciwon baya ya kama, suka ci gaba da harkarsu gwargwadon iyawa, sun riga masu kwanciya warkewa. A 2019 masana a Jami'ar Bayero ta Kano suka juya takardar zuwa Hausa.

Wannan ilimi alheri ne. Mutumin da ya kwanta wata da watanni don tsoro, naman jikinsa yakan raunana, ciwon kuwa ya ƙara zama. Duk da haka akwai abin tambaya: in lamba ta ce tsoron mutum ya yi yawa, an sami izinin ce masa raggo ke nan?

A cikin ikilisiya ma jarabar tana nan. Akan ɗauko gargaɗin da manzo Bulus ya yi wa Tasalonikawa game da masu ƙin aiki, a jefi ɗan'uwan da ya kasa fitowa aikin gayya a gonar fasto. Bulus kuwa da masu ƙi yake, bai ambaci masu kasawa ba. Tsoro ma ba ƙyuya ba ne. Wanda ya taɓa durƙusawa a kunya ya kasa miƙewa har aka ɗauke shi, jikinsa ya koyi darasi, ko da darasin ya zarce gaskiya. Jiki magayi.

Ga kuma wani abu. An rubuta takardar a ƙasar da mara lafiya kan sami kuɗin jinya yana gida. Matar da ke daka gero, ta ɗebo ruwa da goyo a baya, ko masuncin Lagdo mai jan koma, ko ɗan acaɓan da ramukan hanya ke jijjigawa tun asuba, suna iya cika makin tsoro har baki, gobe kuma su fita, gama ba mai ciyar da gidan. In aka ce wa irin wannan mace ta riƙa motsa jiki, me aka faɗa mata? Motsi ya riga ya yi mata yawa. Bukatarta ita ce wanda zai raba kayan da ita, da mai nuna mata irin motsin da ke sassauta baya. Lamba ɗaya ce, amma ga ma'aikacin ofis tana nufin ya tashi, ga wannan kuwa tana nufin a taimake ta.

Luka ya ba da labarin mace da ta yi shekara 18 a tanƙware. Shugaban majami'a ya iya lissafi sarai, ya san kwanakin aiki 6 ne, amma lissafin bai sa ya ga matar ba. Yesu ya gan ta tukuna, ya kira ta.

Dattijon ikilisiya da ya je gaisuwa, aikinsa na fari ya gaskata cewa ciwon na nan, sa'an nan ya tambayi abin da mutumin ke tsoro. Wani tsoron ma daidai ne. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, yana iya zama tarin fuka a ƙashin baya ko jijiya da ta matse. Wannan ba a yi masa wa'azin ƙarfin hali. Asibiti za a kai shi a ranar.