Amfani ga wa?

Doka tana kare ƙirƙira in sabuwa ce, in kuma tana da amfani. Kalmar "amfani" ɗin nan ce ke damuna, 'yan uwa. A 1893 Bánki da Csonka, 'yan Hungari, suka yi rajistar karbiretarsu mai gauraya fetur da iska. Jikokinta na cikin injin ban ruwan masu albasa a Galmi. Wannan kam amfani ne, har na gona.

Harsashi mai tsinin baki ma an yi mishi rajista a Jamus. Amurka ta kwaikwaya, ta harbi Jamusawa da shi a Yaƙin Duniya na Farko, daga baya aka yanke hukunci ta biya kamfanin Jamus diyya. Mai takarda ya samu haƙƙinshi. Uwar sojan da harsashin ya huda fa, wane biro za ta kai kukanta?