Sadakar da Ta Daina Gudana

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, irin su Kanada da arewacin Amurka, akwai motocin da ake kwana a cikinsu, masu wurin girki da makewayi da bututan ruwa. Kafin hunturu ya kama, mai motar kan tsiyaye ruwan bututan nan kakaf, domin ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tsaga abin da ya riƙe shi. Daga nan a ɗura wani ruwan magani da ba ya daskarewa. Tukunyar ɗumama ruwan wanka kuwa, wadda kan ci kusan lita 23, ana murɗa bawul ne maganin ya kauce mata don kada a yi asara. Matsalar ita ce sau da yawa maƙeran motar sun cusa bawul ɗin bayan katako, inda hannu ba ya kaiwa, sai mai mota ya yi ta jinkiri har sanyi ya riga shi.

Ruwa ba ya daskarewa a garin Panda da ke wajen Keffi, amma wannan matsala tana nan a cikin wata rigar. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya, injin da ke cikin rijiyar burtsatse ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone, rana ta gasa bututun roba da aka bari a fili har ya yi ƙamas ya fashe. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Keffi da Panda ya san famfon tuƙa-tuƙa da ya kafe, ga sunan mai bayarwa a jikin siminti, mata da yara suna wuce shi da jarkoki zuwa rafi. Tambayar da ta kamata malamai da masu hali su tsaya a kanta ita ce: rijiyar da aka haƙa don Allah, aka tafi ba a bar mata hanyar gyara ba, har yanzu sadaka ce mai gudana?

Falalar shayar da ruwa ba abin jayayya ba ce. Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa fifikon ruwa, Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sai dai hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya lissafa ayyuka uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, ya siffanta sadakar da gudana, kuma malamai sun fassara wannan da ɗorewar amfani. Saboda haka nake ganin tanadin gyara yana cikin jikin sadakar tun ranar farko, kamar yadda guga ke cikin ma'anar rijiya. Malaman fiƙihu sun riga mu fahimtar haka a babin waƙafi: a wurin Hanafawa, abin da aka fara cirewa daga kuɗin da waƙafi ya samar shi ne na gyaransa, kafin a ba masu cin moriyarsa, ko da mai waƙafin bai shardanta ba. Dalilinsu shi ne ya yi nufin abu mai ɗorewa, ɗorewa kuwa ba ta samuwa sai da kulawa. Ko magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta gina don mahajjata, ta daɗe ƙarnoni tana aiki ne saboda sarakunan da suka biyo baya sun yi ta yashe ta suna gyarawa.

Wani zai ce ayyuka da niyya suke, wanda ya haƙa ya riga ya sami ladansa ko famfon ya mutu gobe. Lada na Allah ne, babu mai iya ƙididdige shi ko ya tauye shi, kuma kofi ɗaya da mai ƙishirwa ya sha ba ya ɓacewa. Amma a duba mene ne aka yi niyya. In niyyar ita ce mutane su sha ruwa, to wanda ya san robar famfo tana cinyewa, ya san injin yana ƙonewa, ya kuma ƙi tambayar wa zai canza su, akwai giɓi tsakanin abin da ya nufa da abin da ya yi. Niyya ta gaskiya tana jan mai ita zuwa ga tambayoyin da babu armashi a cikinsu: nawa ne kayan gyara, a Keffi ake samunsu ko sai an je Abuja, wa ke riƙe da sifana. Na san bikin buɗe famfo ya fi canza roba daɗin kallo, kuma daidai nan ne zuciya ke buƙatar a bincike ta.

Wani kuma zai kawo tawakkali, ya ce ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya janye shi. Gaskiya ne, ayar ƙarshe ta Suratul Mulk ma tunatarwa ce a kan haka. Amma Annabi Yusuf, wanda Musulmin Panda da Kiristocinta duk suka san labarinsa, ya tara hatsi a shekarun yalwa don shekarun fari, shi kuwa ba a fi shi dogaro ga Allah ba. Balaraben nan da ya tambayi Manzon Allah game da raƙumarsa, ɗaure ta aka ce ya yi tare da tawakkalin. Rani ba ya zuwa ba zato, kowa ya san watansa. Abin da aka san lokacinsa, jiransa hannu rabbana sakaci ne.

Nauyin bai tsaya kan mai bayarwa ba, ya hau kan mai aikin hannu. Famfon India Mark II, wanda ya bazu tun shekarun 1970, yana da ƙarfi, amma in abin da ke can ƙasa ya lalace sai an zaro bututan ƙarfe masu nauyi da kayan aiki na musamman. Daga baya aka ƙera Afridev, wanda aka fara gwajinsa a Malawi da Kenya, da nufin mutanen ƙauye su iya zaro sandunan su canza roba da kansu. Bambancin ƙirar biyu shi ne ɗaya ta tuna da wanda zai zo gyara. Mai aikin famfon da ya binne bututu a cikin bango bai bar wurin tsayar da ruwa a waje ba, ko ya ɗora tanki sama babu tsani, ya bar wa wani wahalar da shi ba zai sha ba, wannan kuwa batun amana ne ko da mai gida bai lura ba ya biya shi cif.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce talauci: mutanen da ke fama da abin sakawa a bakin salati, ina za su sami kuɗin gyara? Amma su ne kuma ke biyan 'yan ga-ruwa kullum in famfon ya mutu, su ne ke sayen magani in yara sun sha ruwan rafi. Ɗan abin da za a riƙa ajiyewa kan kowace jarka a hannun amintattu, da saurayi ɗaya ko biyu da aka koya wa aikin, da duba injin da bututu a watan Oktoba kafin ruwa ya ja, duk sun fi arha nesa ba kusa ba. Mai halin da ke shirin haƙa sabuwar rijiya a unguwar da ke da matattu biyu, zai iya raba kuɗin nan ya tayar da su duka, ya bar saura a asusun gyara, ko da sunan wani ne a jikin simintin.