Wanda Ya Ce "Don Me?"

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Abare. Dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ne ya bar ƙura mai guba inda yara ke rarrafe. Ni Kirista ne, kuma tun lokacin nake auna wannan: shin wanda ya ce wa Ubangiji "don me?" ya yi saɓo?

Ba na jin haka. Abokan Ayuba sun kyauta da suka zauna kwana bakwai ba su ce uffan ba. Sun ɓata rawarsu da tsalle sa'ad da suka shiga kare Allah da bayanin da bai aike su da shi ba. A ƙarshe fushin Ubangiji a kansu ya sauka, Ayuba mai gardama kuwa shi aka sa ya yi musu addu'a.

Haƙurin da ke rufe bakin tambaya shi nake tsoro. Da likitocin MSF ba su tsaya bin diddigi har aka gwada jinin yaran ba, da an ci gaba da ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, ana haƙa ƙananan kaburbura.