Asirin wa muke rufawa?

A watan Oktoba na 2021 wani kwamiti mai zaman kansa a Faransa, wanda Jean-Marc Sauvé ya jagoranta, ya fitar da rahoto a kan Cocin Katolika. An ƙiyasta yara 216,000 ne limaman cocin da sauran masu hidimar addini suka yi wa lalata tsakanin 1950 da 2020. In aka haɗa da malaman lakwal da masu kula da matasa waɗanda ba limamai ba, adadin ya kai 330,000. Labarin ya iso mana Gure ta rediyo, na kuma ji yadda aka karɓe shi a majalisun shayi. Ban ji wanda ya ce "Allah sarki yaran nan" ba. Abin da aka yi ta faɗi shi ne, mutumin da aka hana aure, me ake jira ya yi? Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu.

Ni musulmi ne, tsohon mushe da ya ajiye alli, kuma dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba. Zancen rashin aure bai warware komi ba, don rahoton da kansa ya nuna inda aka fi cutar yara shi ne cikin dangi da abokan gida, inda magidanta suke da matansu. Mugu ana samunsa ko'ina. Abin da ya kai cocin ƙasa shi ne abin da manya suka yi bayan labari ya zo musu.

A Boston ta Amurka akwai wani limami, John Geoghan, da mutum sama da 130 suka ce ya ci zarafinsu suna yara. Shekara da shekaru iyaye na kai kuka, shugabanni na ɗauke shi daga wannan majami'a su kai shi wata, inda babu wanda ya san halinsa. Sai da jaridar Boston Globe ta tona zancen a watan Janairu na 2002, kafin ƙarshen shekarar Kadinal Bernard Law, shugaban cocin a Boston, ya sauka daga muƙaminsa. Ba jahilai ba ne waɗannan shugabanni. Sun auna mutuncin gidan Allah da kukan yaro, suka ga mutuncin ya fi nauyi. Sai suka zama kamar mai kwashe garwashi daga ɗakinsa ya zuba a zauren maƙwabci, ya koma ya kwanta.

To wa a cikinmu bai san wannan dabara ba? Lokacin da nake aiki a wani ƙauye, an wayi gari wani malamin allo ya yi ƙaura da dare. Kowa ya san dalili, babu mai faɗi. Dattawa sun zauna a ƙofar mai gari, suka ce a rufa asiri, mutum ne mahaddaci, kada a zubar da girman Alƙur'ani. Aka haɗa masa kuɗin mota. Yaron kuwa uwarsa ta daina barin shi fita, ƴan uwansa suka laƙa masa suna, daga baya aka tura shi wurin dangi. Malamin ya tafi da allonsa da mutuncinsa, kuma duk garin da ya sauka akwai yara.

Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, addu'armu ce ta safe da maraice, addini ma ya yi alkawarin lada ga wanda ya suturta ɗan uwansa. Ba na jayayya da wannan. Sai dai malamai sun raba laifi gida biyu: wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, da wanda ya taɓa haƙƙin wani bawa. Wanda ya sha giya a ɗakinsa ya yi nadama, ka rufa masa, wataƙila ya shiryu. Wanda ya keta yaro ɗan shekara 10, asirin da ke wurin ba nasa ba ne balle a rufa masa. Na yaron ne. Shi ya cancanci a ɓoye sunansa, a kai shi likita ba tare da gari ya ji ba, a hana yara tsokanarsa. Mu kuwa mun juya abin: babba ya samu sutura, yaro ya samu fallasa. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin da ake karantawa a zaurukanmu, ya jera wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, a ciki har da kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga sharrin wani. Su ma Kirista, Linjilar Matiyu sura 18 ta yi kashedi mai tsanani, har da ambaton dutsen niƙa, ga wanda ya ɓata ƙaramin yaro. Babu littafin da ya ce a haɗa wa mai laifi kuɗin mota.

Akwai wani abu a rahoton Faransa da ya daɗe yana damuna: kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda limamai suka cuta maza ne, akasari masu shekara 10 zuwa 13. Mu idonmu a kan ƴa mace yake. Ɗa namiji kuwa, da ya kai shekara bakwai sai a damƙa shi ga malam, a ce Damagaram, ko Nguru, ko Kano, sai wata shekara. Yana kwana a zaure cikin gardawa da suka girme shi nesa, abincinsa da dukansa da albarkarsa duk a hannun mutum ɗaya. In an taɓa shi, wa zai gaya wa? Da wace kalma ma, tunda mun koya masa ambaton al'aura rashin kunya ne? A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu suka ce an yi lalata da su. A watan da ya biyo baya aka buɗe irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, don a gyara musu tarbiyya. Yawancin malaman allo mutanen kirki ne masu wahala a kan ƴaƴan wasu, ni ma a hannun irinsu na yi karatu. Amma nagartar mutum ɗari ba ta tsare yaro daga mutum ɗaya.

Cocin Katolika an iya ƙirga ɓarnarsa saboda yana da shugabanci da takardu da rajista, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ya kuma fara gyara, ko da yake a makare, kuma bayan an matsa masa. A watan Mayu na 2019 Fafaroma Francis ya kafa doka mai suna Vos estis lux mundi, wadda ta wajabta wa kowane yankin bishop ya buɗe hanyar da jama'a za su kai ƙara, ta kuma wajabta wa limamai su sanar da shugabannin coci abin da suka sani. A watan Disamba na shekarar ya ɗage sirrin fadarsa daga irin waɗannan shari'o'i. Mu ba mu da bishop, ba mu da rajista, duk mai allo da inuwa zai iya tara yara. Rashin adadi a wurinmu rashin mai ƙirga ne.

Ba ina tuhumar wani limamin Katolika na ƙasar nan ba ne. Kiristocin jihar Damagaram ƴan kaɗan ne, Katolikansu suna ƙarƙashin yankin bishop na Maraɗi da aka kafa a 2001, kuma musulmi da yawa sun yi karatu a lakwal ɗin mishan sun amfana. Sai dai akwai wani nauyi da ke kanmu mu masu rinjaye. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, wutar ta kai har nan Gure, washegari ta kama Yamai. Mutanen da aka ƙona wa ɗakin ibada a kan laifin da aka yi a wata nahiya, in wata rana ɗansu ya zo da kuka a kan wani na cikin gida, me kake jin za su fara tunawa? Za su ji tsoron abin da gari zai yi in ya ji, su yi shiru. Duk wanda ke ɗora laifin mutum ɗaya a kan addini sukutum, yana koya wa mutanen addinin ɓoyo, kuma yaro ne ke biyan kuɗin. Haka mu ma muke yi in Turawa suka yi zancen almajirai: sai mu tashi kare addini, mu manta da yaron.

Abin yi ba ya bukatar kuɗin wata ƙungiya. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko liman ne ko fasto ko mushe ko kawu. Malamin kirki shi zai fara buɗe ƙofar, don tana kare shi daga zargi. Uba ya riƙa zuwa inda ɗansa ke karatu, ya ja shi gefe su yi magana ba a gaban malam ba. Iyaye Katolika su tambayi limaminsu a fili ina ake kai ƙara bisa dokar 2019, don haƙƙinsu ne. Dokar Nijar ma ta tsananta hukuncin fyaɗe idan mai laifin malamin yaron ne ko jagoran addini. Saboda haka ranar da yaro ya buɗe baki, a yarda da shi tukuna, a kai shi likita, daga nan a wuce wurin jandarma. Wannan ba shari'ar ƙofar mai gari ba ce.