Hawaye a Akwatin Talabijin: Me Muke Yi da Ciwon da Muka Kalla?

Duk wanda ya zauna a Gagarawa ko Gumel ko Maigatari a shekara ta 2019 zai tuna yadda jama'a suke taruwa da dare, wasu a zaure, wasu a gidan kallo da ƙarar janareto, domin su ga wasan Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Wasa ne na siyasa wanda Salisu T. Balarabe ya ba da umarninsa, aka gina shi a kan wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin gwamna Bawa Maikaɗa. Alfawa ba ta cikin taswira, amma babu wanda ya kalla bai gane ta ba. Abin da ya dame mu a yau shi ne wahalar talakan da aka nuna a ciki, da kuma yadda muka karɓe ta mu masu kallo.

Mun ga irin wannan dare a tsakar gida. Ana nuna an ci zarafin wani mara ƙarfi, sai samari suka kwashe da shewa suna yaba gwanintar ɗan wasa. Wani dattijo ya girgiza kai, ya ce ai haka ƙasar take. Wata uwa kuwa ta miƙe shiru ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba har aka kashe akwatin. Babu wanda ya tambaye ta dalili. Kallo ɗaya aka yi, amma abin da ya zama nishaɗi ga wasu fami ne a gare ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ga tambayar: ya dace a ɗauki ciwon zuciyar mutane, watau firgici da tabon da zalunci ko masifa suka bari, a mai da shi abin kallo?

Akwai masu cewa bai dace ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A watan Disamba na 2019 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta ba da umarnin a dakatar da nuna Kwana Casa'in, tana ƙorafi a kan wani sashe da aka ga maza sun rirriƙe mace. Wasu masu kallo sun goyi bayan hukumar, suna cewa akwai abin da kunya ta hana a nuna a gaban yara da iyaye. Wasu kuma suka ce abin da aka nuna yana faruwa a tituna, in kuwa an rufe akwati, ba a rufe titi ba. Mun lura da wani abu a cikin wannan gardama: an yi ta magana a kan ko hoton ya dace da ido, amma kaɗan ne suka tambaya yaya matan da irin wannan ya taɓa faruwa da su suka ji.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a Tagaste a shekara ta 354, ya ba da labari a littafinsa na ikirari yadda yake son zuwa gidan wasan kwaikwayo a birnin Kartaj sa'ad da yake saurayi. Ya yi mamakin kansa: me ya sa mutum yake jin daɗin kallon baƙin cikin da ba zai so ya same shi ba? Ya ga cewa mai kallo yakan yi kuka, ya yaba wa ɗan wasan da ya fi sa shi kuka, sa'an nan ya koma gida ba tare da an nemi ya taimaki kowa ba. A ganinsa wannan tausayi ne na jabu, domin tausayi na gaskiya yana so ne wahalar ta ƙare, shi kuwa mai kallo so yake ta ci gaba har mako mai zuwa. Duk wanda ya taɓa jin haushi don an ɗauke wuta a daidai lokacin da ake dukan wani a cikin wasa, ya san maganar Agustin ta shafe shi.

Amma fa tarihi ya nuna wani gefen. A shekara ta 1978 wata tasha a Amurka ta nuna wasa mai suna Holocaust, a kan kisan ƙare dangi da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa. Elie Wiesel, marubucin da ya tsira daga sansanonin kisan, ya soki wasan ƙwarai, yana ganin an mai da babbar masifa abin sayarwa. Duk da haka, da aka nuna shi a Jamus ta Yamma a watan Janairu na 1979, kimanin mutum miliyan 20 suka kalla, dubbai suka buga waya tashar, 'ya'ya suka fara tambayar iyayensu abin da aka shafe shekaru fiye da 30 ba a faɗa a gida. A watan Yuli na wannan shekara majalisar ƙasar ta soke wa'adin da bayansa ba a iya gurfanar da mai kisan kai, kuma masana da yawa suna ganin wasan ya taimaka. Wiesel yana da gaskiya cewa hoto ba ya kai ciwon gaske. Jamusawan da suka yi kuka su ma ba kukan banza suka yi ba, tun da ya kai su ga tambaya da gyara.

Saboda haka, a ganinmu, ma'aunin shi ne abin da kallon ya haifar bayan an kashe akwati. Boye wahala yana amfanar mai zalunci, domin shi ne ya fi kowa son a yi shiru. Nuna ta kuma yana iya zama cin zarafi na biyu, in an nuna ta ne don a ja 'yan kallo da masu talla. Mai shirya wasa yana da nauyi a wuyansa: ya nuna wanda aka cuta a matsayin mutum mai suna da dangi da gobe, ya nuna dalilin cutar da wanda ya jawo ta, ya kuma yi gargaɗi kafin sashe mai nauyi domin wanda ba zai iya ba ya kauce.

Nauyin da ya fi girma kuwa namu ne. Mu a wannan yanki mun sani. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar man fetur ta faɗi ta kama wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, maƙwabtanmu, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Kafin gari ya waye hotunan gawarwaki sun cika wayoyi, ana tura wa juna kamar wani sashe na wasa. A nan babu ɗan wasan da zai tashi ya wanke fuska ya tafi gida. Waɗanda aka nuna 'ya'yan mutane ne. Idon da ya saba kallon wahala don nishaɗi yakan manta bambancin, shi ya sa yadda muke kallon wasa ba ƙaramin al'amari ba ne. A can ne muke koyon yadda za mu kalli na gaske.

Me za mu yi ke nan? Kada mu bar yara su kalli irin wannan su kaɗai. Mu zauna tare da su, mu tambaye su abin da suka gani, mu gaya musu abin da ya kamata a yi wa wanda aka cuta. Kada mu tura hoton mamaci ko na wanda aka wulaƙanta, ko da kowa yana turawa. In wani ya tashi daga wurin kallo, kada a yi masa dariya, kada kuma a matsa masa da tambaya. A bi shi da gaisuwa washegari, a ba shi kunne in ya so magana. Wanda firgici ya hana shi barci wata da watanni, a raka shi asibiti, domin ciwo ne mai magani kamar kowane ciwo, ba abin kunya ba ne. In kuma wasa ya tuna mana da asibitin da babu magani ko kuɗin jama'a da aka ci, mu riƙe wannan tunani har ranar da mai neman ƙuri'a zai zo ƙofar gidanmu.

Uwar nan da ta shiga ɗaki tana nan a kowace unguwa ta Gagarawa da Sule Tankarkar. In mun zubar da hawaye saboda mutanen Alfawa, alhali ba mu taɓa leƙa ta ba, to, Agustin ya yi gaskiya a kanmu. In kuwa kallon ne ya sa muka ƙwanƙwasa ƙofarta, masu wasan ba su yi wahalar banza ba. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar taimako.